Kifin da Inna Ta Dafa

Har yau idan na ce wa mutum ni haifaffen Makka ne, kuma kifin teku na yi wa aiki duk rayuwata, sai ya ƙara dubana ya ga ko wasa nake. Ba na ganin laifinsa. A Hindawiyya aka haife ni, lokacin unguwar tana bakin gari, gidajen langa-langa da katako a gindin dutse, yawancinmu 'ya'yan mutanen da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa suka yi zamansu. Ruwa a gwangwani yake zuwa mana, biyu a rataye a sanda a kafaɗar mutum. Mahaifina yana cikin masu wannan dakon, kuma duk wanda ya zubar da ko kofi ɗaya a gidanmu ya san abin da zai biyo baya.

Kifi daga Jidda yake zuwa, ya kwana a hanya, ya iso da gishiri a jikinsa. Akwai wani ɗan Yaman mai suya a bakin kasuwarmu, kuma a gabansa na ƙarar da rabin ƙuruciyata. Sauran yara ɓurɓushi suke jira, ni kuwa cikin kifin nake son gani idan ya farke shi. Ya kore ni ya fi a ƙirga, daga baya ya gaji ya miƙo mini wuƙa.

Ina gama makaranta Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Gidan ya rage ni da Inna da ƙanwata. Inna tana ɗinkin hula tana sayar wa alhazai, ni kuma na sauka Jidda neman aiki a bakin ruwa. A can na faɗa hannun wani masani ɗan Masar da aka ɗauko domin ya binciki kifin Bahar Maliya. Kowa Daktur yake ce masa. Mutum ne gajere mai tumbi, mai son dariya, kuma yana neman wanda ya iya rubutu da lissafi, wanda ƙarni ba ya tayar masa da zuciya. Ya ba ni kifi ɗaya ya ce in farke. Kafin ya gama kunna tabarsa na jera masa kayan cikin a kan allo, kowanne gefe guda. A ranar ya ɗauke ni.

Aikin ya yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. Da asuba muna kasuwar kifi, mu auna tsawo, mu auna nauyi, mu farke ciki mu ga mace ce ko namiji, da ƙwai ko babu, mu ga abin da ya ci. Masunta sun ɗauke mu mahaukata, musamman da suka ga muna zuba lafiyayyen kifi a kwalba da maganin da ke hana shi ruɓa kuma ke hana a ci shi. Wani lokaci mu bi su a kwalekwale. Daktur yana da wani bokiti mai gindin gilashi, ka danna shi a ruwa ka leƙa. Ranar da na fara leƙawa na ga duwatsun murjani da kifaye ja da shuɗi da rawaya suna kai da kawowa kamar ranar kasuwa, sai da masunci ya riƙe mini riga don kada in bi kaina in faɗa. Ni da na tashi ina lallashin kofin ruwa, ga shi ina zaune a kan wanda ba a ganin ƙarshensa.

Akwai wani kifi da mutanen Jidda ke ji da shi, harid, mai baki kamar na aku. Iri-iri ne. Biyu daga ciki suka tsaya mini a rai: ɗaya ƙarami, ruwan ƙasa mai ja-ja, ɗayan babba, tsanwa da ratsin shuɗi. Masunta suna kiransu da suna daban-daban, littattafan Daktur ma haka. Amma duk jan da na farke mace ce, duk tsanwan da na farke namiji ne. Na yi ta farkewa wata da watanni ina jiran in ga jan namiji ko tsanwar mace, ban gani ba. Kuma ban taɓa ganin ƙaramin tsanwa ba, sai ka ce da girmansu ake haihuwarsu. Wata rana na yi ta maza na ce wa Daktur ina zaton kifi ɗaya ne, mace ce take girma ta rikiɗe ta koma namiji.

Ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. Ya ce, "Ɗana, kada ka faɗi wannan a kasuwa, za su jefe mu da kan kifi." Da ya ga na ɓata rai, don ni ba na ɓoye fushi, sai ya ce, "To, in gaskiya ne, dole akwai wanda yake tsakiyar hanya. Kawo mini shi in gani da idona."

A lokacin wa'adin aikinsa ya kusa cika, kuma an ba shi damar ya zaɓi mutum ɗaya daga cikin masu taimaka masa a tura shi Iskandariyya ta Masar ya karanci ilmin teku sosai. Sauran sun fi ni takardu, Larabcinsu ya fi nawa santsi, kuma ba wanda ke ce musu Takari, sunan da ake kiran irinmu 'yan asalin ƙasar Hausa. Ina son gurbin nan kamar in mutu. Na kuma san abin da kawai zai sa Daktur ya dube ni shi ne ya tabbatar idona yana ganin abin da ke akwai.

Ga kuma Inna. Ni ne ɗanta na fari, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta baro ta a ƙauyensu, ba ta rage ko ƙwayar zarra ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina zaune a gabanta za ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa wancan abincinsa na hucewa." In maƙwabta suka yabe ni, sai ta ce ai ba abin da na iya sai yawo da ƙarni. Da zancen Masar ya kai kunnenta, ta hanyar ƙanwata ta aiko mini da amsa, alhali tabarma ɗaya muke zaune. Ta ce mutane suna sayar da gona da shanu su shekara suna tafiya don su zo nan su mutu, shi kuma wancan zai bar nan ya bi kifi. Ta ce Jidda ma ta isa nisa.

Azumin shekarar ya faɗo cikin zafin da tsuntsu ma ba ya son tashi. Daktur ya yi sallama da mu ya hau Makka domin ya yi goman ƙarshe a Harami, daga nan ya wuce Madina, ya hau jirgi a Yanbu ya koma gida. Bai faɗi wanda ya zaɓa ba. Na ci gaba da zuwa kasuwa don na saba, ba don ina sa ran komai ba.

Wata safiya wani tsohon masunci ya juye kwandonsa a gabana, sai ga wanda nake nema a sama. Daga kai zuwa tsakiya tsanwa, daga tsakiya zuwa wutsiya ja. Tsohon ya ce wannan mai ciwo ne, zai yar. Na ce ya ba ni mai ciwon. Ban farke shi ba, don ina son Daktur ya buɗe da hannunsa, kada a ce na yi wani abu. Ban kuma sa shi a kwalba ba, don maganin yana cinye launi, kafin kwana biyu ya mayar da kowane kifi kalar tsumma. Na sayi ƙanƙara, na naɗe kifin a buhu da garin katako, na sa a akwati, na hau bayan babbar mota da shi a cinyata. Duk hanyar ina jin ruwan sanyi yana bin ƙafata, ina lissafin abin da ya rage.

Ba yadda za a yi in shiga Harami da akwatin kifi, don haka na biya gida. Na ajiye shi a inuwa kusa da randa. Inna tana zaune da allura a hannu, ba ta ɗago ba. Na ce wa ƙanwata da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ki gaya wa Inna wannan kifin ba na ci ba ne. Na aiki ne. Malamina zan ɗauko ya gan shi yadda yake, kada a taɓa ko ɓawo ɗaya. Yanzu zan dawo."

Inna ta ce, "Ki tambayi wancan, malamin nasa a nan zai sha ruwa?"

Na ce wataƙila, na fice.

Yanzun nan tawa ta cinye yini guda. A masaukinsa aka ce tun asuba yana Harami. Wanda ya taɓa neman mutum ɗaya a Harami a goman ƙarshe ya san abin da na sha. Gajeru masu tumbi 'yan Masar sun fi ƙarfin ƙirga, kuma rabinsu sun rufe fuska da hankici suna barci. Na ɗaga hankicin bayin Allah da dama na ba su haƙuri. Sai bayan la'asar na same shi a gindin wani ginshiƙi. Da na gaya masa, ya tashi zaune, barcin ya washe. Ya ce, "Rabi da rabi? Ba ka farke ba?" Na ce ban farke ba. Ya nemi takalmansa.

Mun shigo lungunmu rana tana shirin faɗuwa. Tun daga bakin lungun na ji ƙamshi, albasa da ta sha mai, da daddawar da alhazai ke kawo wa Inna tsaraba, da wani ƙamshi a ƙarƙashinsu da na sani sarai. Na roƙi Allah ya sa na maƙwabta ne. A ƙofar gidanmu kyanwoyi uku suna lasar baki.

An share ɗakin waje, an shimfiɗa sabuwar tabarmar da ba a taɓa bari na zauna a kai ba. A tsakiya ga faranti, shinkafa ta yi launin zinariya, kifina kwance a kai, an soya shi ya yi kyau, kai da wutsiya duk kala ɗaya. Akwatin yana jingine a bango yana bushewa.

Ina azumi, ga baƙo, kuma uwata ce. Ba wanda zan yi wa ihu. Abin da ya zo mini a rai shi ne da gangan ta yi, don kada in tafi. Daktur ya dubi farantin, ya dube ni, ya ce a hankali, "Shi ne wannan?" Kafin in amsa igwar shan ruwa ta tashi daga kan dutse, ladanai suka ɗauka. Ya zauna ya ɗauki dabino ya ce, "To, bismilla. Ba za mu bar shi ya zama asara sau biyu ba."

Muka yi magariba muka dawo kan farantin. Ni ina ta juya loma ɗaya a hannu, shi kuwa ya naɗe hannun riga ya ci kamar ba gobe. Ya tsotse kan, ya jera ƙayoyin a gefen faranti yadda muke yi a wurin aiki, ya juya haƙoran yana dubawa. Ya ce ƙashin na harid ne, wannan ba shakka, amma ƙashi ba ya faɗin launi. Sai ya tambaye ni wa ya gyara kifin. Na nuna labulen da ya raba mu da tsakar gida.

Ya ce, "To ita kaɗai ta ga cikinsa. Zan tambaye ta. Amma ba kai za ka yi tafinta ba, shari'arka ce."

Aka kira ƙanwata ta tsaya a bakin labule. Daktur ya gyara murya, kuma bisa al'adarsu ta girmama mace da sunan ɗanta na fari, ya ce, "Ya uwar wane," ya ambaci sunana ɓaro-ɓaro. Ƙanwata ta toshe baki tana neman shiɗewa don dariya. Na yi masa bayani a taƙaice cewa a wurinmu ba a haɗa ta da sunana. Ya buɗe ido, ya ce duniya da faɗi take, sannan ya sake: "Hajiya, kin kalli kifin nan kafin ki dafa shi?"

Muryar Inna ta fito a daƙile. "Ki ce masa ba da ido rufe nake girki ba."

"Wane launi ne?"

Ni dai na sadda kai. In ta ce kifi ne kamar kowane kifi, shi ke nan, magana ta ƙare, ba kuma wanda zai ce ta yi ƙarya don ba wanda ya gani. Sai ta fara, da Hausa, a hankali, ƙanwata tana juyawa. Ta ce daga kai zuwa ciki tsanwa ne, irin zaren da alhazan Jawa, mutanen Indonesiya, suka fi so a hula, da ratsin shuɗi biyu a kumatu. Daga nan zuwa wutsiya ruwan ƙasa ne mai ja. Ta ce a inda suka haɗu ba layi ba ne, kowane ɓawo gefensa ya fara kore, tsakiyarsa tana nan ja.

Daktur ya daina murmushi. Ya matsa kusa da labulen. "Cikin fa?"

"Jakar ƙwai tana nan, amma ta motse, ba abin da mutum zai soya. A jikinta kuma akwai wani ɗan farin abu."

"Wane abu?"

"Ki ce masa na maza. Shi da yake likitan kifi ya sani, kada ya sa ni faɗin abin da ba a faɗa gaban yara."

Ƙanwata ta juya wannan da ƙyar, fuskarta a cikin mayafi. Daktur ya koma ya jingina da bango yana shafa cikinsa. Ya ce mini, "Wannan ba zai shiga littafi ba, ka sani. Ba zan rubuta wa malamai cewa hujjata na cinye ta da shinkafa ba." Sannan ya juya wajen labule, kuma wannan karon ba wasa a muryarsa. "Hajiya, inda nake son tura shi, zai riƙa fita teku shi kaɗai, ya dawo ya faɗi abin da ya gani, mutane su yi aiki da maganarsa ba tare da sun duba ba. Ke kika haife shi. Yana ƙara wa magana gishiri? Kuma kin yarda ya tafi? In ba ki yarda ba, na bar zancen a nan."

Ƙanwata ta buɗe baki za ta juya, Inna ta ce ta bari, ta ji. Sai ta amsa da kanta, da Larabcinta na kasuwa wanda ba ta taɓa yin sa a cikin gida ba, mai karyayyun gaɓoɓi, irin na cinikin hula.

"Tun yana ƙarami, in ya ce ya ga abu, to ya gani. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Shi ya riƙe gidan nan tun da ubansa ya rasu, bai taɓa sa ni kuka ba. Ɗana ne. Ka tafi da shi."

Na yi kuka. Ba zan ɓoye ba, ƙato da ni, da gemu ya fara fitowa, ga shinkafa a hannu, na yi kuka a gaban malamina har da shessheƙa. Daɗi ne ya yi mini yawa. Daktur ya yi kamar bai gani ba, ya jawo farantin ya ce in ba zan ci rabona ba shi zai taimaka mini.

Na tafi Iskandariyya bayan aikin Hajjin shekarar. Na yi karatu, na dawo, na shafe shekaru ina bin gaɓar Bahar Maliya daga arewa har kudu, ina koyon lokacin da kowane kifi ke zuba ƙwai, ina rigima da masunta a kan faɗin idon raga, ina cin abincinsu bayan rigimar. Maganar rikiɗar harid kuwa, daga baya masana a wasu tekuna suka tabbatar da ita da kayan aikin da ba mu da su, kuma ba sunana a ciki. Ban damu ba ko kaɗan. Na sake samun masu rabi da rabi da yawa, na nuna wa ɗalibaina, amma ba wanda ya kai na farkon kyau.

Duk wannan daga baya ne. A ranar, na raka Daktur har bakin titi ya sami mota, na dawo ƙanwata ta tare ni a ƙofa. Ta ce, "Yaya, na ga fuskarka ɗazu, na san abin da ka zata. Ba haka ba ne." Ta ce tun azahar ƙanƙarar ta zama ruwa. Inna ta aike ta gida-gida neman wata, ba a samu ba. Ta jiƙa buhu da ruwan randa, ruwan shanmu, ta yi ta canzawa. Ta ajiye ɗinkinta ta zauna tana yi wa kifi fifita da mafici, da azumi a bakinta. Sai da idonsa ya fara fari, ƙarninsa ya fara juyawa, ta ce ba za a bar halal ya ruɓe a watan azumi ba, ga kuma baƙo na zuwa. Ta fito da shi haske, ta daɗe tana juya shi gefe da gefe tana kallo, sannan ta ɗauki wuƙa.

Na shiga tsakar gida. Inna tana tsugune tana goge tukunya da toka, ta ba ni baya. Na durƙusa a inda na saba durƙusawa, ko da yake godiya ma ba ta da hanyar da za ta bi tsakanina da ita. Ba ta juyo ba. Ta ɗauraye tukunyar, ta kife ta, ta share fuska da gefen zane, sannan ta ɗaga murya wajen ƙanwata.

"Ki tambayi wancan, can Masar ɗin ana sanyi? In ana yi, in fara ɗinka masa mai kauri tun yanzu."